Karkataccen Wuyan Jitar Abokina

Shekarun baya, can baya sosai, lokacin da tutar ƙasar nan take sabuwa fil ba ta ko fara koɗewa ba, na taɓa kwance wuyan wata jita na ɗaura mata wani. Ni da ban taɓa iya kaɗa ko gwangwani ba. Kwanan nan wani jikana ya jawo dogon katako daga bayan kantar littattafaina, ya ce, "Kaka, wannan sandar mece ce?" Na ce masa ba sanda ba ce, wuya ne. Ya yi dariya, ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa muku yadda katakon ya zo hannuna.

A lokacin ina ɗalibi a ajin ƙarshe na sakandare, gidanmu yana Ƙofar Rini a Sakkwato. Mahaifina ɗan kasuwar yadi ne, rabin shekara yana hanyar Kano, don haka mahaifiyata ce ke riƙe da gida. Ni kuwa irin samarin nan ne da in baƙo ya yi sallama sai su nemi littafi su ɓoye fuska. Ba na kokawa, ba na zuwa dandali. Abin da na iya shi ne fiƙe fensir har ya yi tsini kamar allura, da sake auna layin da na riga na auna don in tabbata rula ba ta yi mini ƙarya ba.

Abokina kuwa halinmu ya sha bamban. Tare muka yi makarantar allo, shi yana shan bulala saboda surutu, ni ina shan tawa saboda zama kusa da shi. Gidansu gidan makaɗa ne, mahaifinsa da goge ya ci da iyali. Bai yi nisa a boko ba, ya bi wata mota zuwa Kaduna, ya yi 'yan shekaru, ya dawo da wando tsuke da wata sana'ar da ba a san ta ba a unguwarmu. Ya iya kaɗa jitar lantarki mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda makaɗan zamani ke kira bes. Ba ita ke rera waƙa ba. Ita ce ke can ƙasa tana gurnani, ba ka cika lura da ita ba sai ta yi shiru, sa'an nan ka ji kiɗan ya zama fanko.

Yana kaɗa wa wata 'yar ƙungiya da ke wasa a kulob ɗin ma'aikata, inda akawuna da malaman asibiti ke rawa ran Asabar. Shugabansu wani dattijo ne mutumin kudu, tsohon mai busa ƙaho a badujalar 'yan sanda, kowa Oga yake ce masa. Ni ban taɓa shiga kulob ɗin lokacin rawa ba. Ko mahaifina bai hana ba, kunya za ta hana. Amma da rana, in suna gwaji, nakan raɓe bakin taga da littafi a hannu kamar karatu nake.

Shi abokina, Malam yake kira na tun muna yara, don tsokana.

Wata rana a ƙarshen damina, ana shirin rawar tunawa da ranar 'yancin kai, ya shigo zaurenmu da jitar a kafaɗa, ya jingine ta da bango kamar wanda ya kawo mara lafiya.

"Malam, wuyan jitag ga ya kashe ni."

Na ce, "Mi yas same shi?"

"Runtse ido guda ka diba. Ya lanƙwashe kamar bakan maharbi."

Na ɗaga ta na hango daga kai zuwa gindi. Gaskiyarsa. An yi jitar ne don ƙasar da ke da laima, ta zo ta sha zafin Sakkwato, katakon ya bushe ya tanƙware. Tsirkiyoyin sun yi nesa da wuyan, sai an danna da ƙarfi kafin su taɓa ƙarafan da aka gindaya a jikinsa, waɗanda muke kira gaɓoɓi don sun yi kama da na kara. Akwai wani ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa ya miƙar da shi, amma Oga ya riga ya murɗa shi har ya tsinke.

Abokina ya ce, "Sauti na mutuwa ga hannuna. Oga ya hwara kallona. Jiya mai ganga har cewa yay yi ko barci nike. Kuma ga babbar rawa tahe, gari duk za shi zo."

Ya ce akwai wata jitar a ɗakin ajiyar kulob, ta wasu makaɗa da motarsu ta faɗi da su a hanya. Gangar jikinta ta tsage, wayoyinta sun mutu, amma wuyanta miƙaƙƙe ne sumul. Oga ya yarda a cire shi a sa wa wannan, in akwai mai iyawa.

Na ce ni ba kafinta ba ne.

"Kahinta zai buga mata ƙusa kamar ƙyauren shago. Kai nike so, mai auna gashin gira."

Ban taɓa iya ce masa a'a ba. Kuma in faɗi gaskiya, raina ya biya. A makaranta malamin kimiyya ya taɓa ɗaura mana waya a kan akwati, ya nuna mana cewa in ka danne ta a tsakiya cif, sautin da za ta ba ka shi ne na farko amma a sama. Tun ranar nake son in ga inda wannan karatu zai yi amfani.

Muka kwaso jita ta biyu, muka shimfiɗa tabarma a zaure, muka kwantar da su gefe da gefe. Na sassauta kunnuwan da ke ɗaure tsirkiya, na zare tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya na naɗe su. A bayan kowace jita akwai farantin ƙarfe da sukuru huɗu, su ke riƙe da wuya. Na kwance su da sukundireban da na aro wurin mai gyaran keke. Da wuyan ya fita daga gurbinsa sai jitar ta koma wani abu mai ban tausayi, kamar kazar da aka fige.

Nan na gane aikin ba cire wannan sa wancan ba ne. Ba kamfani ɗaya ya yi su ba. Gindin sabon wuyan ya ɗan fi gurbin faɗi, ramukan sukurunsa kuma ba su yi daidai da na jikin ba. Na samo fasasshen gilashi na riƙa kankare gefen katakon kaɗan kaɗan, in gwada, in cire, in sake kankarewa. Tsofaffin ramukan sabon wuyan na cike su da tsinken maɗaci da gam, na ce sai sun bushe kafin a huda sababbi.

Abokina ya gaji da zama. Ya miƙe, ya zauna, ya leƙa waje, ya dawo.

"Malam, jita kake gyara ko gadon marayu kake rabo?"

Na ce ya yi haƙuri.

"Ko alƙali bai auna gona haka. Wallahi in kai anka ba ginin Sakkwato, da har yau muna kwana bisa icce."

Ana cikin haka mahaifiyata ta leƙo da kunun tsamiya a kwanon sha na ƙarfe, yanzu aka sauke shi daga wuta. Ta riƙo shi da gefen zanenta. Abokina ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, kin ga ɗanki shina son ya tsuhwad da ni nan." Ya miƙa hannun hagu ya karɓi kwanon, ya rungume shi da tafinsa, ya ci gaba da zuba, yana ba ta labarin Kaduna. Da ya miƙo mini sai da na saki ƙara na dire shi ƙasa, don zafi. Muka yi dariya. Na ce a raina hannun makaɗi ne, ya yi kanta.

Mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon hannunsa, da doguwar rigar da ya ɓalle har wuyan hannu a cikin wannan zafi. Sa'an nan ta koma ciki.

Washegari da ya dawo, ta kawo kunu a kwano biyu. Nawa tsohon kwanonmu ne. Nasa sabo ne dal mai zanen fure, daga cikin kayan da take adanawa a ɗakinta ba a taɓawa.

Ta ce, "Kai yanzu babban mutum kake, ka ga duniya. Ba ka shan kwano guda da ɗan makaranta. Wanga naka na, kullum kaz zo."

Ya karɓa ya yi godiya. Na lura bai yi wata tsokana ba, ya dai shanye kununsa. A tafin hannunsa na hagu akwai bororo biyu, ɗaya ya fashe. Na tambaye shi, ya ce ƙarfen keke ne.

Da ya tafi ta kira ni tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba.

"Aikin ga da kake, bar ma yaron ga abinai yadda yake."

Na ce, "Inna, ai ya karkace. Shi yar roƙe ni."

"Na ji. Ba kowace karkata aka miƙewa ba."

Na ɗauka ƙin kiɗa ne irin na iyaye. Na ce saura kaɗan in gama. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar da gam ya bushe na yi aikin da har yau nake ganin ban taɓa yin wanda ya fi shi kyau ba. Na ɗauko zare daga kayan mahaifina, na ja biyu daga kan wuyan zuwa gindin jitar, a gurbin tsirkiyar farko da ta ƙarshe, na riƙa gyara zaman wuyan har zaren biyu suka bar gefe daidai wa daida. Sa'an nan na huda ramuka. Na auna daga kan wuya zuwa gaɓa ta goma sha biyu, wadda ita ce tsakiya, na auna daga nan zuwa jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindi. Dole su zo ɗaya, in ba haka ba kowane sauti zai fito da ɗan kuskure. Ba su zo ɗaya ba, saura kamar kaurin yatsa. Na kwance jakin na ja shi baya. Wuyan ya ɗan kwanta fiye da yadda nake so, sai na je wurin dukawa na roƙi ɗan yankin jar fatar akuya, siririya kamar takarda, na shimfiɗa a cikin gurbin. Da na ɗaure sukuru na mayar da tsirkiyoyi, sai ga su sun kwanta dab da gaɓoɓi. Ko jariri ya ɗora yatsa za su taɓa.

Da la'asar muka kai ta kulob. Aka tayar da injin wuta, Oga ya jona ta da akwatin sauti. Shi ya fara gwadawa, ko da yake ba gwaninta ba ne. Ya bi wuyan tun daga sama har ƙasa, kowace gaɓa ta amsa tsaf, har gilashin taga yana rawa. Ya juyo ya dube ni a inda na raɓe.

"Malam ƙarami! Kai ba ɗan makaranta ba, kai injiniya."

Mai ganga ya buga mini kirari. Na rasa inda zan sa fuskata. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma bai daɗe ba.

Abokina ya rataya jitar. Oga ya ƙirga, suka shiga waƙar da suke shiryawa don babbar rawa. Farkon ya tafi lafiya. Da aka zo inda zai miƙa ƙaramin yatsa da na kusa da shi, sai sautin ya mutu, ya yi wani ɗan ƙara kamar ƙuda a cikin kwalba. Aka sake. Ya mutu a wuri ɗaya. Aka sake. Ina kallon hannunsa daga taga. Yatsun biyu suna isa wurin, amma ba sa dannawa, suna kwanciya ne kawai a kan tsirkiya kamar ba nasa ba. Ya sunkuyar da kai yana kallonsu, yana saita su da ido, abin da makaɗi ba ya yi.

Sai na ga ja a kan sabon katakon. Bororon tafinsa ya yage, tsirkiya ta kuma yanka masa yatsa, jini yana bin gaɓoɓi. Shi bai sani ba. Yana ta kaɗawa.

Mai ganga ya fara tsayawa. Sai mai jita ƙarama. Oga ya sauke ƙahonsa. Abokina ya yi 'yan bugu shi kaɗai kafin ya lura an yi shiru, ya bi idanunsu ya ga abin da suke kallo.

Babu wanda ya kira sunan ciwon. A zamanin nan kowa ya san shi, kowa ya ga masu shi a bakin kasuwa. Tabo mai haske a fata, hannun da ba ya jin wuta. Kuturta ba a faɗinta a gaban mutum.

Oga ya taka ya kashe akwatin sauti. Ya ce, "Wannan injin wuta ba shi da lafiya yau. Sauti duka ya lalace. Kowa tafi gida." Injin kuwa yana ta aikinsa lafiya lau a bayan ɗaki, kowa yana ji.

Muka taho gida a ƙasa, ni da shi, ya naɗe hannu da hankici. Muka wuce kasuwa. Sai da muka hango Ƙofar Rini ya ce, "Malam, aikinka ya yi kyau." Ya ɗan yi tafiya. "Ya yi kyau ƙwarai. Bai bar mini wurin ɓoyo ba."

Na raka shi har ƙofar gidansu, na juyo.

Washegari da hantsi ya dawo da jitar, da tsohon wuyan a ɗaya hannun. Ya zauna a bakin zaure, bai shigo kan tabarma ba.

"Maida min wuyana."

Na ce ban gane ba.

"Ka gane. Tun bazara nis san hannun ga ba lahiya. Ina cewa wuya na, wuya na, har ni kaina nay yarda." Ya yi ɗan murmushi. "In nib bar kiɗi da miƙaƙƙen wuya, gari duk za a ce hannu. Ƙannena mata biyu ba su yi aure ba. Tsoho da goge yaka shiga gidajen biki, wa za ya bari shi zauna bisa tabarmatai? Amma in nib bari da karkatacce, sai a ce kayan Oga sun lalace, yaro ya yi zuciya ya koma Kaduna."

Ya ce ya riga ya yi magana da Oga. Sauran makaɗan sun rantse ba za su buɗe baki ba. Ba Kaduna za shi ba, asibitin masu wannan ciwo za shi, wanda ke can wajen gari. Abu ɗaya ya rage. Mutane sun ga an kai jitar gidanmu, sun ji an ce an gyara. Dole a ce gyaran bai yi ba.

"Za a yi maka dariya, Malam. Za a ce ɗan boko ya kasa."

Ban ɓoye muku ba, abin ya sosa mini rai. Abu ɗaya tak da na taɓa yi aka yaba mini a gaban mutane. Na dubi wuyan, ga jar fatar da na shimfiɗa tana ɗan leƙowa daga gurbi, ga jininsa ya bushe a tsakanin gaɓoɓi. Na ɗauko sukundireba.

Kwancewa ba ta da wuya. Na mayar da jaki inda yake, na cire fatar, na ɗaura karkataccen wuyan a tsofaffin ramukansa. Tsirkiyoyi suka koma sama, nesa da katako. Ya karɓa ya danna da yatsun da ke aiki, sautin ya fito a shaƙe.

Ya ce, "Yawwa. Ka ji banza. Wa ka iya kiɗi da wanga?"

Muka yi dariya, irin wadda in ba a yi ta ba wani abu za a yi.

Mahaifiyata ta fito da kunu a kwanon nan mai fure, ta bari ya huce tukuna. Ta tsuguna nesa kaɗan, ta ce, "Allah shi ba ka lahiya, ɗana. Tahi ka sha magani, ana warkewa yanzu." Ita kaɗai ce ta yi masa maganar kai tsaye. Ya ce, "Amin, Inna," ya juya fuska wajen bango.

Aka yi babbar rawa ba bes. Oga ya ce mini daga baya kamar tuwo ne ba miya, amma mutane sun yi rawarsu. Labari ya bazu yadda aka tsara shi. Samarin unguwa suka sa mini suna Injiniya. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Injiniya, agogona ya tsaya, ko za ka ƙarasa shi?" A yi ta shewa. Ni kuwa in sunkuyar da kai in wuce. Karo na farko ke nan da rashin maganata ya yi wa wani amfani. Babu wanda ya yi mamakin shiruna, don ba a san ni da wani abu ba sai shi.

Bayan 'yan watanni wani saurayi ya zo daga Jos zai kaɗa musu bes. Oga ya aiko a kira ni da rana tsaka, lokacin da kulob ba kowa. Ya rufe ƙofa, ya ajiye mini jitar da miƙaƙƙen wuyan. Na zauna na kama aiki. Wannan karon ban sha wahala ba, ramuka suna nan, fatar tana aljihuna. Na goge jinin da tsumma mai ɗumi kafin in ɗaura. A cikin duka ukun, wannan ɗaurin ne ya fi yi mini nauyi a hannu. Oga ya gaya wa mutane Kano aka aika da ita aka gyaro. Da zan fita ya miƙo mini karkataccen wuyan.

"Ajiye ma abokinka," ya ce. "Wannan nasa ne."

Abokina ya daɗe a asibiti. Nakan hau keke in je, in ce a gida zan je karatu wurin wani, mahaifiyata kuma ta ƙulle mini dambu da ƙuli-ƙuli ba ta tambayi wane ne wanin ba. Magani ya karɓe shi. Malamin asibitin ya ce da ya ƙara jinkiri da hannun dama ma ya bi. Ƙannensa suka yi aure, mahaifinsa ya ci gaba da gogensa har ya rasu. Da aka sallame shi bai dawo cikin gari ba, ya zauna Dundaye wurin dangin mahaifiyarsa, ya kama noman albasa a fadama. Ya yi aure ya haifi 'ya'ya. Yatsun nan biyu na hagu sun lanƙwashe ciki, ba su sake miƙewa ba. Bai ƙara taɓa jita ba, ko rediyo aka sa kiɗan zamani sai ya tashi ya ce zai duba ruwa.

Na taɓa kai masa wuyan a cikin buhu. Ya zaro shi ya shafa bayansa, inda babban yatsansa ya cinye fenti ya bar wani ɗan kwari mai santsi. Ya sa yatsan a wurin, ya zauna daram kamar jiya ya ɗauke shi. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya mayar cikin buhu ya ce in tafi da shi, gidansa yara za su yi dokin kara da shi.

Na sha tambayar kaina ko da na ji maganar mahaifiyata. Da ya kaɗa a babbar rawar nan ko da a shaƙe, ya ɗora wa katako laifi, ya ƙara 'yan watanni yana makaɗi. Da kuma wataƙila ya rasa hannu biyu. Na auna wannan lissafi ta kowane gefe, ni mai son awo, bai taɓa fito mini daidai ba. Abin da na dai koya shi ne, in mutum ya kawo maka abu ya ce gyara mini, ka dubi abin, ka kuma dubi hannun da ya miƙo shi. Na yi shekaru ina koyarwa bayan haka, kuma duk yaron da ya ce mini alƙalaminsa ne ba ya rubutu, ban taɓa saurin ba shi nawa a gaban aji ba.

Ganina da shi na ƙarshe, mun tsufa mu duka, muna zaune a gindin wata bishiyar bedi a ƙofar gidansa, jikokinsa suna kewaye da mu. Wani daga cikinsu ya ji an ce kakansu ya taɓa kiɗa a birni, ya tambaya me ya sa ya bari. Abokina ya nuna ni da lanƙwasasshen hannun.

"Tambayi Injiniya. Malam, wuyan nan har yau shina karkace?"

Na ce, "Shina karkace."

"To kun ji. Shi yah hana ni. Ka shaida?"

Na ce, "Na shaida."

Bai kai damina ta gaba ba.

Jikana da ya jawo katakon ya runtse ido ɗaya ya hango shi, kamar yadda na nuna masa, ya ce, "Kaka, ai a karkace yake. A kai wa kafinta ya miƙe shi mana." Na karɓa na mayar da shi bayan littattafai, na ce masa a'a, wannan haka mai shi ya ce a bar shi.